Abin da Yawuna Ya Faɗa wa Likita

Unguwar Tudu, Gwarzo

Zuwa ga Yaya Abdulnasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Lailatu da yara. Yaya Fatakwal, yaya kasuwa, yaya kuma ruwan saman da ba ya ɗauke muku? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a nema. Mu ma nan gida lafiya lau. Baba ya gama yankan dawa, ƙafar da ta dame shi da damina ta yi sauƙi har yana taka keke zuwa masallacin Juma'a. Yaya Naja'atu ta sauka lafiya a Dugabau, mace, an sa mata Asiya, kowa ya ce goshinka ta ɗauko.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne duk sanda ka kira Inna tana zaune kusa da ni, ni kuwa maganar da ke raina ba ta faɗuwa a gabanta. Sati uku ke nan ban taka ƙofar gida ba, kuma laifina ne. Gara ka ji daga bakina.

Kai ka ɗauke ni a babur zuwa asibiti ina da shekara goma sha biyu, ranar da aka ce ina da ciwon sukari, irin wanda garkuwar jiki da kanta take lalata wurin da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sai dai allura har ƙarshen rayuwa. Yau shekara goma sha biyu ke nan cif. Ka kuma san irin daɗin da na ji da na samu koyarwa a firamare a Gammo. To akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Bara, wata Talata, ina tsaye gaban allo a aji huɗu, sukarina ya faɗi. Na yi allurar safe, ban ci abin kirki ba saboda mai babur yana jira. Na ji gumi da rawar hannu, na ce bari in ƙarasa lissafin da na fara. Sai farkawa na yi a ƙasa, zanina a jiƙe, yara sun tsaya a bakin taga suna leƙe, wasu suna cewa aljanu ne suka buge Malama. Hedimasta, Malam Ja'afar, shi ya ɗura mini ruwan sukari da na fara motsi. Na roƙe shi kada labarin ya iso gida, ya kuwa riƙe amana.

Daga ranar nan tsoro ya shige ni. Sai na fara rage allurar safe, don na lura in sukarin yana sama ba na faɗuwa, sai dai ƙishirwa da kasala, su kuwa ba wanda yake ganinsu. Na daina huda yatsa in auna, don ba na son ganin abin da na'urar za ta nuna. Littafin da nake rubuta awo kuwa, wanda Inna take dubawa kullum, na ci gaba da cika shi da lambobi masu kyau daga kaina: ɗari da talatin, ɗari da arba'in da biyar. Ka san Inna ba ta yi boko ba, amma saboda ni ta koyi lambobi, ta san in ya haura ɗari biyu akwai matsala. Sai ta duba ta yi hamdala, ni kuma in kau da kai. Wata goma sha ɗaya ina haka.

Wata uku da suka wuce wasu likitoci suka zo daga jami'a ranar da muke zuwa asibiti. Sista Anastasia, nas ɗin nan 'yar kudancin Kaduna da take kula da ni tun ina yarinya, ta yi mana bayani cewa bincike suke a kan masu irin ciwonmu. Wai in jiki yana fama da kumburi akwai wasu sinadarai da yake fitarwa, har a cikin yawu ana samunsu, su kuma suna so su gani ko yawansu yana tafiya daidai da yadda sukarin mutum yake. Za a tofa yawu a 'yar kwalba, a duba dasashi, a ɗebi jini kaɗan. Inna ba ta so ba, ta ce ita ba ta taɓa jin an ba baƙo yawu ya tafi da shi ba, sai da Baba ya sa baki. Ni kuwa da rawar jiki na sa hannu. A raina na ce in abin ya yi kyau, wataƙila wata rana tofi kawai za mu riƙa yi, yatsunmu su huta. Wallahi ko kaɗan ban kawo littafina a rai ba.

Ranar karɓar sakamako Inna ta ce za ta raka ni. Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta tambaye ni ko in bar Inna a waje, na ji kunya na ce ta zauna. Ta ce alamun kumburi a yawuna suna cikin mafi yawa da suka samu, dasashina ya kumbura, ta kuma tambaya ko yana jini in na yi asuwaki. Na ce yana yi. Sannan ta ce gwajin jinin da ke nuna yadda sukari ya kasance tsawon wata uku ya ba da goma sha ɗaya da ɗoriya, alhali wajen bakwai ake so. Ta buɗe littafina ta ajiye kusa da takardar, ta ce yawu kaɗai ba hujja ba ne tukuna, har yanzu bincike ake, amma jini da dasashi sun faɗi abu ɗaya, littafin kuma ya faɗi wani. Inna ta juyo ta tambaye ni ko ƙarya nake rubuta mata. Na ce e.

Muka dawo gida. Bayan la'asar Inna ta zauna a bakin gadona ta ce shekara goma sha biyu tana auna mini tuwo, tana binne tukunyar insulin a jiƙaƙƙen yashi don kada zafi ya lalata shi, ta daina zuwa biki mai nisa, ashe takarda take gadi ba 'yarta ba. Da na ba ta labarin faɗuwar da na yi, na zaci za ta fahimce ni, sai abin ya ƙara muni. Ta ce wato da na mutu a Gammo ita ce za ta ji a ƙarshe. Tun ranar ta ce na gama koyarwa. Yanzu a gabanta nake huda yatsa, ita take karanta lambar, a gabanta nake allura. Ko gidan suna a Dugabau ba ta bar ni na je ba. Baba ya ce shi ba zai shiga ba, don uwata ce ta san wahalata.

Likitar ba ta ce in bar aiki ba. Cewa ta yi a gyara tsarin allurar, in riƙa cin wani abu da ƙarfe goma, in riƙe sukari a jaka, a kuma wanke mini haƙora, domin kumburin dasashi da hawan sukari kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Sista Anastasia ta zo har gida ta maimaita wa Inna haka. Inna ta kawo mata ruwa da gyaɗa, ta saurare ta tsaf, ta yi godiya, ta ce a'a. Na kuma tambayi likitar ko binciken nan zai raba mu da huda yatsa, ta ce ba za ta ruɗe ni ba, ko ya yi nasara ba abin da zai maye gurbin awo da allura nan kusa.

To ka ga inda nake, Yaya. In na yi allura cikakkiya ina tsoron faɗuwa gaban yara. In na rage, an ce a hankali yake cin ido da ƙoda, ga shi ya fara da bakina. In na zauna a gida sukarin yana sauka, amma wuni nake ina kallon katanga, da ƙarfe takwas in ji ƙararrawar makarantar unguwarmu in rasa inda zan sa kaina. Malam Ja'afar ya aiko cewa zai riƙe mini ajina zuwa ƙarshen wata, bayan nan dole ya sanar da ofis.

Kai kaɗai Inna take jin maganarka. Ba na so ka ce mata ina da gaskiya, don ba ni da ita. Ka roƙe ta ta bi ni Gammo ko da sati ɗaya ne, ta zauna a bayan aji, na'urar tana hannunta. In ta ga ba zai yiwu ba, na haƙura har abada. Ka kuma gaya mata abin da na kasa faɗa mata ido da ido: ba raina ta na yi ba, tsoro ne, kuma har yanzu ina jinsa.

Ka gaishe mini da Anti Lailatu, ka shafa mini kan Mahbub da Halima Sa'adiya, ka ce wa Muhammad Nur ya dage da hadda. Baba da Yaya Naja'atu suna gaishe ku. Ka kira kafin wata ya ƙare, don Allah.

Wassalam. Ƙanwarka mai jiran kiranka,

Kamila Uwaisu