Na Ɗauki Allonta Shekara Tara, Na Kasa Ɗaukarta

Hajiya Kadidiatou, salamu alaikum.

Ki taimake ni kafin sha biyu ga watan gobe. In ba haka ba zan rasa ɗiyata ina ji ina gani, kuma ba teku ce za ta cinye ta ba, bakina ne. Ki yi haƙuri da rubutun. A CM1, ajin kusa da na ƙarshe a firamare, muka rabu da lakwal, har yau ba a tantance wanda ya kori wani ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne arewa da Tanout. Ruwan da na sani a guga yake zuwa, shi ma sai an sha ja. Shekarata ashirin da shida a Vénissieux ta ƙasar Faransa ina jidar kaya a mangaza. To Allah da ikonsa ya ba ni ɗiyar fari wadda sana'arta ita ce tsayawa kan allo ta hau igiyar teku, abin da mutanen nan ke kira surf. Ni da ko a bahon wanka sai na riƙe gefe.

Tana shekara tara lakwal ta kai su hutu bakin teku. Yaran mutane suka dawo da katantanwa, tawa ta dawo da fitina. Mushensu, wato malaminsu, ya hau har gida ya ce yarinyar nan ba ta faɗuwa. Daga nan duk kwanjen da na samu, wato hutun aiki, mota muke shiga mu yi awa takwas zuwa tekun yamma. Allon nata dogo ne, ya fi ƙofar ɗakinmu, ba ya shiga asansar, na'urar hawa bene, mu kuwa a hawa na sha ɗaya muke. Shekara tara ina hawa da shi ina sauka. Maƙwabta sun ɗauka makara nake sayarwa.

Yanzu shekarunta ashirin da ɗaya, kuma Hajiya, ta ci! Bara ta kayar da 'yan matan da aka haifa ƙafarsu cikin gishiri. Wani kamfani a Paris ya ɗauke ta, hotonta na jikin bangon shagonsu, ya fi raƙumi tsawo, cikin baƙar rigar robar nan tata daga wuya har idon sawu. Na tsaya gaban hoton minti arba'in har mai gadi ya tambaye ni ko na ɓata. A wurin aiki ƙofar kabad ɗina ba sauran fili, duk hotunanta ne. Abokin aikina Moussa ya rantse in na sake nuna masa bidiyon gasarta zai nemi a canza masa sashe.

Ga inda gizo ke saƙa. Ɗiyar fari ce. Kin san mu. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "yayar Nadia". Ban taɓa yabonta tana wurin ba. Haka ubana ya yi mini, ni ma ɗan fari ne. Sai bayan rasuwarsa mutanen gari suka faɗa mini hotona na cikin hularsa tun ranar da na bar gida.

Su kuma masu wannan wasa suna da tasu al'ada. Wanda ya ci gasa ba ya taka yashi, mutanensa ke ɗauko shi a kafaɗa daga bakin ruwa har dandamali. Ranar da ta ci, na ga tana waige-waige tana nemana. Ni kuwa ina bayan motar mai soyayyen dankali, na duƙa ina ɗaure igiyar takalmi. Silifa ne a ƙafata, Hajiya. Mai horar da ita da uban yarinyar da ta kayar, su suka ɗauke ta. Da ta sauko abin da bakina ya iya furtawa shi ne ko ta ci abinci.

Na ƙara ɓata lamarin a Paris. Aminina Alhaji Hassoumi ya tara 'yan ƙasa a shagonsa na Goutte d'Or, da kilishi da shayi, don a taya ta murna. Tana zaune na yi ta hirar tsadar albasa. Tana fita na miƙe na yi awa guda ina kwaikwayon yadda take juyi kan ruwa har na ture buhun gero. Kowa ya gani ban da ita.

Ta faɗa wa ƙanwarta Nadia cewa ta gane, Baba kunyar sana'arta yake ji. Yanzu ta aiko mini da tikitin jirgin ƙasa na babbar gasar watan gobe, da saƙo: in ta ci ni zan ɗauke ta, in ba zan iya ba in yi zamana, ba za ta sake gayyata ba. Uwarta ba ta da bakin sasanta mu, tata kunyar ta fi tawa. Ga baya ya mutu, ga tsoron ruwa, ga idon ubana da nake ji a ƙeyata. Yaya zan yi?

Naku,
Uban Kifi a Hawa na Sha Ɗaya

Malam Uban Kifi, wa alaikumus salam.

Da farko barka. Ka ɓoye sunanka, amma 'yan matan Hausawa masu hawa teku daga Vénissieux ba su kai a yi musu layi ba. Duk muna alfahari da ita.

Ba na raina kunyar ɗan fari. Tarbiyya ce, kuma ba rashin so ba ce. Amma ka duba yadda take aiki a gida: uba ya yi shiru, kakanni da gwaggwanni da maƙwabta su yi ta kai wa yaro labarin abin da uban ke faɗa a bayansa. Kai mutanen gari suka isar maka da saƙon hula. A hawa na sha ɗaya wa zai isar mata? Moussa da Alhaji Hassoumi sun sha yabonta har sun ƙoshi, ita ko ɗanɗano ba ta yi ba. Shirun da kai ka sani ladabi ne, ita a kunnenta ƙi ne. Ita ma ta tsananta da ta gindaya maka sharaɗi, sai dai mai neman rabuwa da uba ba ta aiko masa da tikiti.

Kada ka jira ranar gasa. Teku ba ta yi wa kowa alkawari ba, tana iya zuwa ta biyu ko ta biyar, kuma bai kamata ta ɗauka sai da kofi za ta samu uba ba. Cikin makon nan ka ɗauki hoton ƙofar kabad ɗin nan ka aika mata. Sannan ka kira ta, ka ba ta labarin hular mahaifinka kamar yadda ka ba ni. Ban tsammanin an taɓa yi mata bayanin al'adar nan ba. In harshe ya ƙi, Nadia ta zauna kusa da kai.

Batun baya, ka ga likita kafin tafiya. Mutum biyu ke ɗauka, ka ba mai horar da ita ɗaya kafaɗar. Ruwan da za ka shiga iyakarsa idon sawu. Ka bar silifa a gida.

Sunanta kuwa na san shi, kuma da gangan ban rubuta shi a nan ba. Kai ka raɗa mata shi a kunne ranar suna, ka ga ke nan ka taɓa faɗa sau ɗaya, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ranar sha biyu, ko ta ci ko ba ta ci ba, ka tsaya inda za ta gan ka, ka faɗe shi na biyu da ƙarfi yadda zai fi ƙarar teku.

Allah ya ba ta sa'a, ya ƙara wa bayanka lafiya.

Hajiya Kadidiatou