Ƙaurin Barewa

Birnin Kofu, farkon kaka

'Yata Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, sanyin Faransa kuma bai taɓa miki ƙirji ba. Mu nan inabi ya nuna, ganyen itatuwan kan duwatsu ya fara ja.

Kwalbar turaren da kika haɗa ta iso. Ba zan ɓoye miki ba, da na buɗe ta sai da na kau da kai. Ƙauri ne ya fara duka na, hamami ya biyo baya. Maƙwabciyarmu Hatsue tana nan, ta toshe hanci ta ce, "Wannan karatun ne aka tura yarinya ƙetare? Ai da bunsuru kuka saya kuka babbake, ya fi sauƙi!" Muka yi dariya.

Amma na ɗiga a wuyan hannu na shiga wankin shinkafa. Can zafin warin ya kwanta, wani abu mai ɗumi ya taso daga ƙarƙashi, kamar fatar barewa da aka sauke daga gangar da ake naɗa ta a juya, bayan ta sha hayaƙin karan shinkafa. Ƙamshin ƙeyar babanki ke nan in ya dawo daga rumfar da yake turara fatu. Na daɗe tsaye, ruwa yana zuba.

Yana asibiti har yanzu. Huhun da ya sha hayaƙi tun yana saurayi ya gaji. Ya daina cin abinci, ya ce ɗakin ba ya warin komai, kamar an riga an binne shi. Gobe zan kai masa turaren.

Mahaifiyarki,
Tokie

Kofu, tsakiyar kaka

'Yata Chizuru,

Ina gaishe ki. Yaya aiki, yaya kaɗaici?

Na kai masa a jikin hankici, don kada ma'aikaciyar jinya ta hana. Ya riƙe a hanci ya rufe ido. Sai na ga hannunsa na dama yana juyawa a kan bargo, a hankali, yadda yake juya ganga a kan hayaƙi. Ya buɗe ido ya ce, "Tsohuwa, wa ya bar wuta ba kowa?" Na faɗa masa aikinki ne. Kin san bai taɓa cewa komai ba kan tafiyarki, ko da aka rufe rumfar don babu magaji. Daga baya ya ce, "Ashe yarinyar nan tana shaƙa. Na ɗauka gudu kawai take yi."

Ya sha kunun shinkafa rabin kwano, har ya nemi tsamin kabeji. Likita dai ya kira ni gefe. In za ki zo, ki zo yanzu.

Mahaifiyarki,
Tokie

Kofu, shigowar sanyi

'Yata Chizuru,

Na ji kin koma Faransa lafiya. Na gode da kika riske shi da ransa, kika riƙe ƙafarsa har ƙarshe. Yaya ƙarin haƙuri?

Gidan yana nan. Na raba kayansa, tokar gawarsa da aka ƙona bisa al'adarmu tana kusa da ta iyayensa. Kin tambaya ko ki aiko wata kwalba kafin wannan ta ƙare. Kada ki aiko. Sau ɗaya na buɗe ta tun bayan jana'iza. Na shafa, na shiga kicin, ban farga ba sai da na ga na zuba shinkafa kwano biyu, ina kiran sa ya zo kafin ta huce.

Aikinki ya yi kyau, 'yata, ya ma wuce yadda tsohuwa za ta iya ɗauka ita kaɗai. Ki dawo hutun sabuwar shekara mu buɗe tare. In na sake kuskure na zuba kwano biyu, a samu mai ci.

Ki riƙa rufe wuyanki.

Mahaifiyarki,
Tokie