Ɗan kwangila ya juya banɗakin mahaifiyata gabas

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka rufa min asiri ka ɓoye sunana, in ya fito rabin Ƙanƙara za su taru a ƙofar gidana su yi ta dariya har a kwashi wasu zuwa asibiti. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ta gaske nake so, domin yau kwana goma sha ɗaya ina cikin fushin da ko tukunya aka ɗora min a ka sai ta tafasa, amma duk wanda na gaya wa sai ya riƙe ciki ya ce Alhaji ba ka da dama.

Ni mutum ne mai barkwanci, wannan ba na musu. Na ba hamsin baya, sana'ata hatsi, ina saye a Sheme da kasuwannin ƙauye ina kawowa gari. Ko gidan makoki na je sai an zaunar da ni nesa da masu karɓar gaisuwa. To wannan halin ne yau ya juyo kaina.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, tun aurenta tana wani ƙauye can bayan Sabuwa. Kun san yadda wajen ya koma, ba sai na faɗa ba. Shekara uku ina roƙonta ta dawo wurina, na tura malamai, na tura ƙannenta, na yi kukan gaskiya na yi na ƙarya, tana cewa ba ta barin gidan mijinta. Sai da gwiwoyinta suka ƙi, likita ya ce ta daina tsugunno ko kaɗan, sannan ta yarda da ƙyar. Ta sauka gidan ƙanwata a Faskari, ni kuma na ce a ba ni wata biyu in gyara cikin gidana, in yi mata ɗaki da banɗakinsa a ciki, irin na zama, yadda ba za ta ƙara wahala ba.

Aikin sai na ba ɗan Kawu, ƙanen Inna, wato taubashina. Bari mu kira shi Injiniya, haka yake sa a kira shi, ko da yake jami'ar da na san ya yi ita ce bayan tifar yashi. Ɗan kwangila ne, shi ke karɓar aiki gaba ɗaya, ya kawo magini, ya kawo mai tayil, mai wuta, mai famfo, mai fenti, kai naka kawai ka karɓi makulli. Tun muna yara muke wasa da shi, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, ba mu taɓa gaisawa da hankali ba ko sau ɗaya. Matata ta ce kar in haɗa aiki da zumunci, na ce mata ai gara wanda zan iya zagin sa ya yi dariya.

Wata biyu ya zama biyar. Mun ci tuwo da siminti har 'ya'yana sun fara tauri. Duk na haƙura, domin gaskiya aikin ya fito, tayil yana sheƙi kamar ka lasa, silin da fitilu zagaye, fentin nan ruwan madara. Banɗaki uku ya yi mana a jere, na Inna, namu, da na yara, ya cike tsohon masai na tsakar gida ya shafe wurin da siminti, ya ce zamanin wannan ya wuce. Ni lokacin kaka ce, ina can kasuwannin ƙauye ina fama da buhunan masara, aikin a bidiyo nake ganin sa, ina tura wa abokai ina cika baki cewa ko gwamna ya zo Ƙanƙara a ɗakin Inna zai nemi sauka.

Ranar da muka ɗauko ta na yanka rago. Ta shiga ɗakin tana dogara sanda, ta shafa bango, ta yi min addu'a har sai da idona ya kawo ruwa. Sai ta tura ƙofar banɗaki ta leƙa, ta daɗe a tsaye, ta juyo ta ce, "Alhaji, ta ina rana take hitowa a gidan nan?" Na nuna mata da hannu ina murmushi, ban gane komai ba. Ta ce, "Haka na zata." Ta ja ƙofar ta rufe, kuma daga ranar har yau ba ta ƙara taɓa ta ba. Jama'a, in ka zauna a kan abin nan fuskarka alƙibla take kallo ɗoɗar, ko limamin Juma'a bai kai shi daidaita sahu ba. Kuma duka ukun haka suke, tunda a jere ya yi su kan bututu ɗaya.

Mu dai mun koyi zaman karkace, ni da yara, kamar masu hawan babur da zane. Inna ta ce ita ba za ta shiga ba. Yanzu gidan maƙwabcinmu take zuwa, mai masai irin na da, na tsugunno, abin da likita ya hana, matata na riƙe da ita tana cije baki. Tsohuwa mai kunya irin tata, ta riƙa sallama a gidan mutane saboda wannan. Na sayo mata fo, ta ce ita ba jaririya ba ce kuma ba ta kwanta ciwo ba. Abin da ya fi tayar min da hankali, ta rage cin abinci, ta rage shan ruwa, don kar ta riƙa yawan fita. Furar da take sha kofi biyu yanzu sai ta kurɓa sau uku ta ture. Ina kallon wuyanta yana ramewa a cikin ɗakin da na gina don ta huta.

Na je wurin limamin unguwarmu, ya ce malamai da yawa sun yi sauƙi in dai a cikin gini ne, amma in da hali a juya ya fi. Na dawo da murna na gaya mata. Ta ce ita ba ta jayayya da Malam, ya fi ta sani, amma shekara saba'in da wani abu ba ta taɓa fuskantar inda take sallah da wannan ba, jikinta ba zai yarda ba ko ita ta yarda. Mi zan ce mata?

Sai na ɗauki mota na tafi Faskari, na samu Injiniya a majalisarsu. Wallahi na yi faɗan da ban taɓa yi ba, na ce masa ya ci amanata, ya wulaƙanta gwaggonsa, na ce mutumin da ke sahun gaba a masallaci bai san gabas ba sai a kan darduma. Jijiyar wuyana kamar igiyar guga. Kun san me ya faru? Majalisar ta kwashe da dariya, wani yana cewa taubasai sun haɗu, wani ya miƙo min shayi, wani dattijo har yana share hawaye yana cewa in ƙara maimaita maganar sahun gaba. Duk yadda na rantse cewa da gaske nake sai dariyar ta ƙaru. Shi kuwa gogan ya gyara hula ya ce ai abin mai sauƙi ne, Gwaggo ta riƙa zama a karkace. Wurin da ko akuya ba za ta iya juyawa ba, tsohuwa mai ciwon gwiwa!

Da ya ga na ƙi zama sai ya ja ni bayan shago, ya fito da waya ya ce in saurara. To ga inda nake jin kunyar faɗa, amma tunda shawara nake nema dole in faɗa. Ashe ranar da za a dasa abin mai famfo ya tsaya, ya ce a tambayi mai gida ina za a juya shi, domin in aka bi hanya mafi kusa zuwa ramin da ruwan ke tafiya gabas zai kalla. Injiniya ya turo min saƙon murya. Ina tsakiyar kasuwa, ana auna masara, mai mota na min ihu, ban ma saurara har ƙarshe ba na danna na ce, "Kai bawana, ka juya shi duk inda bututu ya fi kusa, ai ba sallah za a yi a kai ba." Har da dariyata a ƙarshe. Muryata ce, ba ta aljani ba. Na manta da ita sam sai da na ji ta.

Amma ku duba min Allah. Shekara arba'in da wani abu mutumin nan bai taɓa ɗaukar maganata da gaske ba. Na ce ya gama a wata biyu, wasa ne. Na ce kar ya cike tsohon masai sai an ga yadda sabon ya yi, wasa ne. Na je ina ihu kamar zan haɗiye harshe, wasa ne. Magana ɗaya tak da ya ɗauka da gaske a duk rayuwarmu ita ce wadda ta rage masa tsawon bututu. Shi ba Musulmi ba ne? Bai san gwaggonsa ba? Mai famfo da ba danginmu ba ya tsaya ya yi tambaya, shi da ya ci tuwon hannunta bai iya sake kirana ya ce Alhaji ka ji abin da na ce kuwa ba? Me ya sa ake ɗaukar ɗan kwangila in ba don ya hana mai gida yin wauta ba?

Injiniya ya ce juya su sai an fasa ƙasa tun daga ɗakin Inna, a bi ta falo har waje, kuma irin tayil ɗin ya ƙare a kasuwa, shi kuma yana da wani aiki a Funtuwa, sai bayan ya gama, wataƙila bayan sallah, bai ce wace sallar ba. Ya ƙara da cewa in na kai shi gaban Kawu ko gaban Inna, shi ba zai ce komai ba, waya kawai zai kunna. Yana faɗa yana dariya yana dukan kafaɗata.

Na dawo Ƙanƙara na nemi wasu masu aikin. Mutum huɗu na kira, kowa ya zo ya duba, da ya ji aikin wane ne sai ya ɗauki awonsa ya ce Alhaji ba ma shiga aikin wani sai ya sallama da bakinsa, haka tsarinmu yake. Na kira Injiniya na ce ya sallama, ya ce bawa ba ya korar ubangidansa, ya kashe waya. Shi a ganinsa har yanzu wasa muke. Shi ma mai famfon da ya yi tambayar farko ya ce a ƙarƙashin Injiniya yake ci, ba zai iya ba. Shekaranjiya na sayo guduma mai nauyin ɗan maraƙi na ce ni zan fasa da kaina, matata ta ɓoye ta, ta ce ban san inda bututu ya bi ba, zan mayar mata da falo fadama.

Yanzu Inna ta ɗaure kayanta. Ta ce in an sauko Juma'a a nemo mata mota ta koma ƙauye, can masan da Baba ya haƙa da hannunsa kudu yake kallo, in ma wani abu ne zai same ta ya same ta a can. Hanyar da ni namiji ba na bin ta sai na yi alwala na bar wasiyya. In ta koma, na san ba za ta ƙara fitowa ba.

Jiya bayan la'asar ta kira ni, ta ga ina ta huci, ta ce in bar ɗan ƙanenta, kar in ɓata zumunci a kanta, shi aikin birni ya ɗauke masa hankali bai lura ba. Sai ta ce, "Na sani da kana nan tsaye da ba a yi haka ba, kai mahaifinka ya koya ma tsarki da hannunsa."

To ku gaya min. In kai shi gaban Kawu a tilasta masa ya sallama aikin, ya kunna mata muryata ta ji da kunnenta? Ko in riga shi, in durƙusa in gaya mata da bakina cewa ni ne, in ya so duk abin da za ta ɗauke ni ta ɗauke ni, in dai za a fasa ƙasar nan ta zauna? Ko akwai mai aikin famfo a cikinku da ya san hanyar juya abin nan ba tare da an fasa falo ba, ya taimake ni a yi nata kaɗai? Kuma duk wanda zai sa min alamar dariya a ƙasan rubutun nan ya bari sai bayan Juma'a, yau Talata.