An Hana Digby Shiga Wilpena

Quorn, 5 ga Oktoba, 1988

Yaya Valmai,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Clarrie da gwiwarsa mai ciwo. Ni da Digby muna nan garas. Na san ba ki tambayi lafiyar karen ba, amma ga shi nan kwance a kan ƙafata yana minshari.

Kin ce ba zan yi tafiyar nan ba, to ga ni a Quorn, saura tafiyar awa biyu in shiga gandun dajin Wilpena. Filas ɗin marigayiya Coral yana kujerar gaba, na ɗaura masa bel kamar fasinja. Alkawarin da na yi mata a asibiti yana nan daram: in koma gindin bishiyar turaren da muka sha shayi a makon aurenmu, in zuba kofi biyu. Likita ya ce daga ran 31 ga wata na gama tuƙi saboda idanun nan, ba zai sa hannu a sabunta min lasin ba. Kin ga ke nan akwai lokaci har da rara.

Da tun shekaranjiya na wuce. Na tsaya shan mai ne, bakina ya suɓuce na ce na yi shekara talatin ina gyaran jirgin ƙasa. Yaya, sai mai gidan man ya cafke min hannu kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Ashe tsofaffin garin suna da wani tsohon jirgi mai hayaƙi da suke lallaɓawa. Suka ce in zo in duba kawai. Yau kwana uku ke nan ina dubawa.

Ga tsarabar tawul ɗin goge kwanuka, da hoton jirgin a jiki. Gobe da sassafe zan kama hanya.

Ƙanenki,
Alwyn


Kadina, 10 ga Oktoba

Kai Alwyn,

Gaisuwa. Muna lafiya, gwiwar Clarrie ma lafiyarta lau in ba an ce ya yanke ciyawa ba.

Na aika wannan ta gidan wayar Quorn, don na tabbata har yanzu kana can. Ni na goya ka, na san irin gobenka. Daga ƙofar gidanka zuwa Wilpena tafiyar yini ɗaya ce, kai kuma ka bar gida tun ran ɗaya ga wata. Jirgin nan ya girme ka, ya kuma rayu ba tare da kai ba, don Allah ka ƙyale musu abinsu.

Kada ka ƙara sa min sunan karen nan a wasiƙa. Ban manta kek ɗina ba. Ƙwai takwas, Alwyn! Saura awa ɗaya a kai shi wurin gasar baje kolin gona, na juya baya in ɗauko hulata, na dawo na tarar da faranti fes, shi kuma yana lashe hanci. A waccan shekarar Beryl Pfitzner ce ta ci, matar da ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba, har yau kuma sai ta tuna min in mun haɗu a coci.

Tawul ya iso, ya yi kyau, amma ba tawul na aike ka ba. Ka shiga mota.

Yayarka,
Valmai


Hawker, 17 ga Oktoba

Yaya Valmai,

Ina gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarki ta same ni a Quorn, gaskiya ne, amma washegari na tashi. Yanzu ina Hawker, garin ƙarshe kafin gandun. Daga tagar masaukina ina hango duwatsun.

Na iso ran Juma'a da yamma, na shiga mashaya in tambayi hanya, sai na tarar ana tambolar nama don taimakon 'yan kwana-kwana. Kin san ba a ƙin saye. Na sayi tikiti ɗaya tak, sai ga shi an kira lambata. Tire guda, Yaya: haƙarƙarin rago, tsiran alade ashirin da huɗu, da cinya. Wani dogo da ake kira Kev, wanda ya shekara shida yana saye bai taɓa ci ba, ya dube ni ya ce, “Baƙo, yanzu ka shigo garin mutane ka kwashe musu nama, kuma ka ce gobe za ka wuce? Aikin banza ke nan. Gasawa za mu yi, kai za ka riƙe cokali.” Ba ni da firji a a-kori-kura, to ya zan yi? Kwana biyu muka yi muna ci.

Wurin gashin ne suka gano ina taɓa wasan mirgina ƙwallo a kan ciyawa. Ƙungiyarsu ta rasa mutum ɗaya, an yi masa aikin kwankwaso. Matar Kev, Noelene, ta ba ni farin wandon mutumin, ta ce, “Ɗan riƙe numfashi, Baba, zai shiga.” Ya shiga, sai dai ban iya sunkuyawa ba. Duk da haka mun ci.

Yanzu ga maganar. Jiya na tafi har bakin gandun. Na cika filas, na sa rigar kirki. Sai ga allo ƙato: ba a shiga da kare. Na ce wa ma'aikaciyar gandun Digby ya tsufa, ko kaza ba ya iya kora balle kangaru. Ta ce, “Baba, ko a cikin mota ba a yarda ba. Ka bar shi a gari, mutanen Hawker sun saba riƙe wa matafiya.” Yarinya mai ladabi, har ta shafa masa kai.

Na gwada barinsa wurin Noelene. Ban kai ƙarshen layi ba ya fara haushi da kuka, har maƙwabta suka fito da tsammanin gobara ce. Kin san abin da Coral ta ce: kada a bar shi hannun bare. To kin gani, ba laifina ba ne, doka ce. Zan ɗan huta in juyo gida. Ga tsarabar ƙaramin cokalin shayi mai hoton tsuntsun emu.

Naki,
Alwyn


Kadina, 21 ga Oktoba

Alwyn,

Na gaishe ka, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Doka ce? Wa kake mayarwa yarinya? Takardar gandun da ka nuna min a kicin ɗina watan jiya, a shafin farko aka zana kare aka ja masa jan layi. Da bakinka ka karanta min, da tabarau biyu a hanci. Ka san da dokar nan tun kafin ka tayar da mota.

Jirgi, nama, wandon wani, yanzu kuma kare. Da an ce ka tsaya ƙirga tumakin Hawker da ka tsaya. Saura kwana goma a karɓe maka mukulli, bayan nan ba mai kai ka. Clarrie ba ya wuce kanti, ni kuwa ban taɓa riƙe sitiyari ba. Ka faɗa min gaskiya, me ke cikin dajin nan da kake tsoro?

Valmai


Hawker, 25 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Kin kama ni.

Na sani. Ranar da na roƙe ki ki riƙe min Digby kika ce karen nan ba zai taka miki gida ba har abada, wallahi daɗi na ji, na ce na sami hujja.

Shekara biyu ke nan kullum da safe ina ce wa Coral, saura aikinki ɗaya ban yi ba. Tana da abin da take jira a wurina, ni ma ina da abin faɗa mata. In na zuba kofi biyun nan na shanye nawa, shi ke nan, na gama mata komai. Ban san me zan riƙa ce mata da safe ba. Abin da ke cikin dajin ke nan.

Kev ya ce in zauna har wasan Asabar. Ina ga zan zauna.

Alwyn


Bakin gandun Wilpena, 30 ga Oktoba

Clarrie,

Ina gaisuwa. Na iso lafiya. Direban motar abincin tumakin da ya rage min hanya mutumin kirki ne, sai dai awa biyar yana ba ni labarin basir ɗinsa.

Na sami ɗan'uwana a filin ƙwallo cikin wandon da ba nasa ba. Ya buɗe baki, na ce rufe. Na ce, “Cewa na yi kare ba zai taka min gida ba. Ka ga gidana a nan? Ni bare ce? Ba ni igiyar.” Ya ce shayin bai haɗu ba. Na ce Noelene ta haɗa tun ɗazu, ga filas. Ya ce to me zai riƙa ce wa Coral da safe. Na ce, “Shekara arba'in ba ta taɓa barinka ka gama magana ba, kana da bashin zance har ka mutu. Shiga mota, auta.”

Ya sauke ni da karen a gindin allon nan na hana kare shiga. Ya yi minti goma injin yana aiki bai motsa ba, sannan ya shiga, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na yi kuka, kada ka gaya wa kowa.

Yanzu awa uku ke nan ina zaune a kujerar naɗewa, ƙudaje sun kusa ɗauke ni. Karen ko haushi ɗaya bai yi ba, kallo ɗaya na yi masa ya kwanta. Na kawo wa Alwyn kek don in ya fito. Na ajiye a gefe, na sunkuya in rubuto maka wannan. Ɗagowar da zan yi, sai ga Digby yana lashe hanci.

Ka sayo ƙwai takwas kafin in dawo.

Matarka,
Valmai