Faɗin Tafin Hannu na Jan Fenti

Nguru, 9 ga Mayu, 1986

Aminina Modu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Fanna da yara. Yaya zafin Gashuwa? Mu nan sai godiya.

Na share gindin darbejiya, na fito da buroshin ƙarfe da jan fenti kamar kowace shekara gabanin damina, ina jiran ka kawo motarka gingimari. Sai na ji a tasha wai wani Saleh can wajenku ya shafe mata ƙarƙashi da kwalta. Kwalta fa, wadda jaki ke takawa a hanya.

Ranar kasuwa direbanka ya sauke kanwar da ya ɗauko daga Kumagannam. Na bari ya tafi cin abinci, na shige ƙarƙashin motar da farar rigata. Baƙi wuluk, ko lungu bai bari ba. Amma na san irinsu, sai su lulluɓe tsatsa ba su kankare ba, ta yi ta cin ƙarfe a ɓoye. Na sa ƙusa na ɓare faɗin tafin hannu. Ban ga tsatsa ba, to amma ai wuri ɗaya na duba. Da yake ba zan bar ƙarfenka tsirara kanwa ta ci ba, na shafe wurin da nawa. Bayan damina ma ga na wa zai tsaya.

Ka gaida Salehn naka, in yana da lokacin amsa gaisuwa.

Naka,
Yuguda mai fenti

Nguru, 20 ga Nuwamba, 1986

Aminina Modu,

Ina gaisuwa. Yaya iyali, yaya kaka? Na samu takardarka, na ga inda ka ce Saleh mutumin kirki ne. Sau biyu ka faɗa.

Jiya na sake shiga ƙarƙashin motar. Duk laka da ruwan hanyar Jajimaji, kwaltarsa ko tsagewa ba ta yi ba. Nawa ya fara tashi ta gefe. Kai kaɗai na faɗa wa, a kasuwa cewa nake ban duba ba.

Direbanka ya ce wai sai an shekara da shekaru ba a sake taɓa ta ba, yana faɗa yana murna. To a nan aibin kwaltar yake. Nawa duk shekara sai an sabunta, sai ka zo da kanka ka tsaya a kaina, ka ce na bar wuri, mu yi musu, mu ci bandar kifi muna jiran shafin farko ya bushe. Ka san ban taɓa gaggawar yin na biyu ba. Bana ko ƙeyarka ban gani ba.

Ka bar wa Saleh motar, na yarda. Amma tafin hannun nan nawa ne, kuma yana neman gyara. Ba na karɓar aiki daga hannun direba.

Naka har kullum,
Yuguda