Yaya, Kyamararka Ta Fashe a Unguwar Sanusi

Zuwa ga Yayana Sadiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma shekara biyu ke nan da rasuwarka ban sami wanda zan ba labarin aiki yadda muka saba ba, shi ya sa na rubuta a nan, wanda ya ga dama ya karanta tare da kai.

Yaya, na ɗauki biki. Ni kaɗai, ba a bayanka ina riƙe da jaka ba. Kuma kyamararka ta fashe. Gara in faɗa maka wannan tun farko.

Bikin Fa'iza ne, 'yar Alhaji Tanimu na Unguwar Sanusi, wanda ka yi wa hotunan sunan jikarsa. Shi ya aiko gidanmu a Makera ya ce tunda babu kai, ƙanwarka ta zo ta gwada. Umma ta yi ta murna har da hawaye. Na goge gilashin kyamarar ya fi sau biyar, na cika batura biyu, na ɗaura igiyar a wuyana sau biyu yadda kake yi. Har yanzu tana warin turarenka.

Da safe komai ya tafi daidai. Na ɗauki lalle, na ɗauki amarya a gaban madubi, na ɗauki Alhaji yana dawowa daga ɗaurin aure babbar rigarsa na jan ƙasa. Bayan la'asar aka fito yinin biki. An tare layin da rumfuna huɗu, kujerun roba jere har bakin kwata, kiɗa kamar zai tsaga kunne. Kullum kana ce mini, “Kada ki tsaya a kan amarya kawai, ki ɗauki masu hidima, su ne bikin.” Na bi maganarka. Na ɗauki Madam Kande, mai girkin da aka ɗauko daga Romi, wata doguwar mata mai jiki, tana juya shinkafa tana yi wa 'yan aikinta faɗa. Na ɗauki wani mai keke napep da ke ta jigilar lemo da ruwa tun azahar. Habu sunansa, daga baya na sani. Zai kai shekara hamsin, da furfura a gemunsa. Ya sauke kiret ya ɗago ya gan ni, sai ya gyara hularsa ya yi dariya.

Minti goma bayan wannan hoton, Hajiya Binta, ƙanwar Alhaji, ta miƙe ta ce babu wayarta. Ta ce a kan tebur ta ajiye, kuma ba wanda ya zo kusa da teburin sai mai lemo.

Ba ta ce ɓarawo ba, Yaya. Wani ne daga baya ya faɗa, ban ga fuskarsa ba. Amma da kalmar ta fita, ba wanda ya sake sauraron kowa.

Habu yana kan kekensa zai tayar aka fizgo shi ta kwalar riga. Ya faɗo da baya, kansa ya bugi kwalta. Ya ɗaga hannu biyu yana cewa a caje shi, wallahi a caje shi. Aka juye aljihunsa, aka yaga rigar har ƙasa, ba a sami komai ba sai makulli da carbi da wata 'yar ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. Sai wani ya ce ai ya riga ya miƙa wa abokinsa. Mari ya sauka. Daga nan ƙafa. Daga nan ban iya ƙirgawa ba.

Kamal, wan amarya, wanda da safe ya tsaya mini da hula da agogo yana tambaya ko ya yi kyau, shi ya ɗaga kujerar ƙarfe ta mai kiɗa ya sauke ta a bayan Habu. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Samarin layin suka taso, waɗanda ba a ma gayyace su ba. Wani ya ciro sandar rumfa. Wani ya fasa kwalba a gefen kwata. Wani mai jar riga ya zo da katako da ƙusa a jikinsa. Mata na ihu suna ja da baya da yara, wasu kuma sun ɗaga waya sama suna ɗauka. Kiɗan bai tsaya ba. Ba wanda ya tuna ya kashe shi.

Ga abin da ya fi damuna, kuma kai kaɗai zan iya gaya wa ba tare da na gyara shi ba. Ban sauke kyamarar ba. Idona na manne da ita, yatsana yana dannawa. Ban yi tunanin shaida ba, ban yi tunanin komai ba. Hannuna ne kawai ke yin abin da ka koya masa. Hoto goma sha ɗaya na ɗauka ana dukan mutum. Har na matsa gefe don haske ya fi kyau. Yaya, har na matsa gefe.

A na goma sha ɗayan katakon ya same shi a fuska. Da na ga jinin a cikin gilashin, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na tuna hoton da na yi wa teburin Hajiya. Na koma baya da sauri, na same shi: Habu yana ajiye lemo, hannayensa biyu a kan kiret, kuma babu waya a teburin. Na ƙara komawa baya. Tun kafin ya zo babu ita. Tun da Hajiya ta zauna babu ita.

Na kutsa cikinsu ina ɗaga kyamarar ina ihu, ku duba, ku duba, ba shi ba ne. Ba wanda ya duba. Wani ya bangaje ni da kafaɗa, mayafina ya zame, aka take mini ƙafa. Na kama hannun Kamal na kai masa hoton har gaban idonsa. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, ya hankaɗe ni. Na faɗi a kan gwiwar hannuna, kyamarar ta daki kwalta. Na ji gilashin ya tarwatse a ƙarƙashina. Wani ya taka ta ya wuce.

Daga ƙasan nan na ga ana gungurowa da taya. Na ga wani ya tsuguna a gefen janareta yana zuƙo fetur da tiyo cikin gorar ruwa. Habu ya daina ihu. Ƙafarsa ɗaya ce kawai ke motsi.

Madam Kande ce ta cece shi. Ta taho daga wajen tukwane da muciya a hannu, ta ratsa su kamar ba maza ba, ta jefar da muciyar ta kwanta a kansa gaba ɗaya. Sanda ta same ta a kafaɗa, ba ta motsa ba. Ta ɗago kai ta ce, “Ku zuba man, ku haɗa da ni. Oya, ku zuba!” Mai gorar ya tsaya da ita a hannu. Na rarrafa na je na zauna a kan ƙafafun Habu na rungume su, don ban san abin da zan yi ba bayan wannan. Warin fetur da jini da miyar da ke jikin zanenta, har yau in na shiga gidan mai sai ya dawo mini.

Muna nan a haka direban Hajiya ya shigo layin yana tambayar me ya faru. Ya dawo daga kai baƙi Kamazou. Wayar tana hannunsa. A mota ta bar ta tana caji tun azahar.

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Sanduna suka zube a ƙasa. Mai jar riga ya bi lungu. Hajiya ta zauna a kujera ta rufe fuska da mayafi. A lokacin ne aka kashe kiɗan. Fa'iza tana tsaye a ƙofar gida cikin kayan amarci, hannunta a baki, ba wanda ya kula da ita.

Ni da Madam Kande da direban muka kai shi asibiti. Ya rayu, Yaya. Hannunsa ya karye wuri biyu, haƙarƙari uku, kuma idonsa na hagu ya tafi. Likita ya ce ƙusar ce.

Kwana biyu bayan nan Alhaji ya zo gidanmu da kansa. Ya zauna a zaure ya yi maka addu'a mai tsawo. Ya ce ya ɗauki nauyin maganin Habu, kuma ya san kyamara ta lalace, zai kawo sabuwa. Sannan ya ce, “'Yata, hotunan nan na tashin hankali ba su da amfani ga kowa. A goge su, a rufa wa juna asiri.” Umma tana bayan labule tana yi mini alama da ido in amsa. Ka san ban taɓa musa wa babba ba. Na durƙusa na ce, Baba, ka yi haƙuri, hotunan ba nawa ba ne, na wanda aka daka ne. Shi zan tambaya. Ya daɗe yana kallona, ya tashi ya sa takalmi. Umma ba ta yi mini magana ba sai washegari.

Katin kyamarar da hotunan ke ciki bai lalace ba. Da aka sallami Habu na je gidansa, ɗaki biyu a bayan Tudun Wada. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, 'ya'yansa mata huɗu suna leƙe. Na ce masa ina da hotunan, in ya ce a goge zan goge. Na kuma gaya masa gaskiya, cewa na tsaya ina ɗauka kafin in zo. Ya ce in nuna masa.

Na buɗe a wayata. Ya kawo ta dab da idon da ya rage, yana wucewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ya wuce Kamal bai tsaya ba. Da ya zo kan mai jar riga, sai ya tsaya. Ya sa yatsa a kan fuskar. Ya ce, “Wannan ai ɗan maƙwabcina ne na da. Ranar da za a haife shi, ni na kai uwarsa asibiti, lokacin ina tuƙa tasi.” Ya miƙo mini wayar, ya juya fuskarsa bango. Matarsa ta fita tsakar gida, na ji tana kuka a hankali don kada yaran su ji.

Kafin in tafi ya ce kada a goge. Ya ce ba don idonsa ba, ido ya riga ya tafi. Don wanda za a kama gobe ne.

Maganar tana gaban hukuma yanzu. An kira ni sau biyu, za a sake kirana. A Unguwar Sanusi akwai gidajen da in na yi sallama ba a amsawa. Fa'iza kaɗai ta kira ni, ta ce in kawo mata hotunan safiya, na yamma ba ta son ko na rawa.

Madam Kande ta samo mini wani bikin a Romi ranar Asabar mai zuwa, na 'yar cocinsu. Ta ce in ban zo ba za ta zo har Makera ta ɗauke ni. Abokinka na shagon gyara ya ara mini kyamara. Jiya na ɗaga ta zuwa idona a tsakar gida, sai na sauke ta na zauna. Ina tsoro, Yaya. Ba dukan nake tsoro ba. Ina tsoron in sake ganin abu ta cikin gilashin nan in tsaya ina gyara haske. Da kana nan da na tambaye ka ko ya taɓa faruwa da kai, da kuma abin da ka yi bayan nan. Zan je dai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya ba Habu lafiya, ya tsare masa idon da ya rage. Allah ya saka wa Madam Kande da alheri. Ni kuma ya yafe mini tsayuwar da na yi, ya sa in na sake ganin an taru a kan mutum, ƙafata ta riga yatsana motsi.

Ƙanwarka mai kewarka kullum,
Rukayya