Ƙugiyar da Ta Tona Mini Asiri

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara, Ya kuma kawo miki sauƙin ciwon gwiwar da kika ambata. Mu nan muna godiya. Babban yaronmu ya shiga shekararsa ta ƙarshe a makaranta, yana kira duk ranar hutu. Auta kuwa yau kwananta arba'in da ɗaya a jami'a. Kin tambaye ni sau biyu a waya yadda nake, na ce miki lafiya lau. Na zaɓi in rubuto ne domin a takarda ba na iya barin kuskure ya wuce, ko da nawa ne.

Tun da na kai ta na dawo, gidan ya yi mini yawa. Nakan tashi daga falo in shiga kicin in tsaya, in manta abin da ya kawo ni. Na sake jera littattafan da ke kan kanta sau uku, da farko bisa haruffa, sannan bisa shekaru, sannan na mayar da su yadda suke. A maɗaba'a, inda na shekara talatin da ɗaya ina gyaran rubutun mutane, na karanta shafi guda sau huɗu ban san abin da ke cikinsa ba. Wata goma da rasuwar Ummansu ban gane girman rashin ba, domin Auta tana nan, tana buga ƙofa, tana barin famfo a buɗe. Da ta tafi sai na ga ashe mutum biyu ne suka fita a rana ɗaya.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wayar Marigayiya tana cikin aljihun teburina. Ina yi mata caji, kuma duk mako nakan kira tawa wayar da ita domin kada a rufe layin. Yaran sun ɗauka an daɗe da kashe ta. Kwana biyar da tafiyar Auta, ina shan shayin safe, na ji teburin yana rawa. Saƙo ne daga gare ta zuwa ga uwarta. Ta ce su huɗu ne a ɗaki, gadonta na sama ne, kuma ta ƙona hannu da dutsen guga. Na san bai kamata in karanta ba. Na karanta. Daga nan kullum sai saƙo ya shigo, ni kuma idan na kira ta sai ta ce mini lafiya lau, da irin muryar da nake faɗa miki. Ban san a wurina ta koya ba sai da na ji ta daga bakinta.

A mako na biyar saƙonnin suka sauya. Ta rubuta cewa ta san Baba a tsaye yake cin abinci idan babu kowa, kuma ba zai sha maganin hawan jini ba sai an ajiye masa kusa da kofi. Ta ce ta karɓo takardar jingine karatu na shekara guda, ta cike, saura ta miƙa kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis. Ta ce ba za ta gaya mini ba sai ta iso da akwatinta, domin idan na ji zan yi mata lacca mai sakin layi bakwai. Yaya, kin san yadda Marigayiya ta yi fama da yarinyar nan a kan karatun haɗa magunguna, har a gadon asibiti tana yi mata tambayoyin jarrabawa. Kin kuma san wanda ya jingine karatu domin ya kula da tsoho ba safai yake komawa ba.

Da na kira ta kai tsaye, da dole in amsa laifin karanta sirrinta. Sai na yi abin da ya fi wannan muni, ina faɗa miki ne ba domin ki yi mini uzuri ba. Ranar Talata da hantsi na zauna na rubuta mata amsa da wayar uwarta. Ban yi tsammanin za ta ɗauka matattu suna rubutu ba. Ban yi tsammanin komai ba, kawai na so maganar ta zo mata daga inda take sauraro. Na rubuta: “Autata, kada ki dawo. Ki ƙarasa abin da kika fara. Babanki yana da ƙarfi.” Na san Marigayiya ba ta damu da ƙa'idar rubutu ba, mun shekara ashirin da bakwai muna wannan gardama, tana cewa duk wanda bai gane ba ya zo ya tambaye ta. Don haka da farko na rubuta “karasa” da “karfi” da k, babu ƙugiya. Na dube su. Kafin in ankara yatsana ya koma ya danne harafin, ya jira, ya gyara duka biyun, har da aya a ƙarshen kowace jimla. Sannan na tura.

Ba a yi minti uku ba tawa wayar ta yi ƙara. Ba ta yi sallama ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, “Baba, Umma ba ta taɓa sa wa ƙ ƙugiya ba.” Ta tambaye ni tun yaushe nake karanta saƙonninta, na ce tun saƙon dutsen guga. Na ji numfashinta ya sauya, na ba ta haƙuri, ta ce wannan maganar sai ta zo. Sannan ta ce a cikin jimloli ukun nan akwai kuskure ɗaya da ban gyara ba, tun da ni ne mai jan biro in nemo shi da kaina. Ta kashe wayar.

Kwana biyu na yi ina zagaye gidan nan. Na wanke kofunan da suke a wanke. Na fita zuwa bakin titi na dawo ban sayi komai ba. Kuskuren ba ɓoyayye ba ne, jimla ta uku ce, amma sanin kuskure daban, sa masa hannu daban. Ranar Alhamis da azahar na shiga ɗakinta, na zauna a gefen gadon, na rubuta mata da tawa wayar. Na ce ba ni da ƙarfin da na faɗa, ina cin abinci a tsaye, na tsallake magani sau shida, ina kewarta, ina kewar uwarta, kuma duk da haka ina roƙonta ta zauna, domin dawowarta za ta fi tafiyarta yi mini ciwo. Na rufe da cewa, “Dakinki yana nan.” Na bar d ɗin haka, tsirararsa. Yatsana ya yi ƙaiƙayi, na ajiye wayar na danne hannun da cinyata.

Ƙarfe huɗu ta yi, ta wuce, babu amsa. Ina tsaye a taga ina duban duk motar haya da ta rage gudu. Biyar saura kwata saƙo ya shigo: “Ɗakinki, Baba, da ƙugiya. Ka bar min shi yadda yake sai hutu. Ka sha magani a zaune.” Na karanta rubutun manyan malamai a rayuwata, ban taɓa maimaita kalmomi biyu kamar yadda na maimaita sai hutu ba.

Ba zan ce miki hankalina ya kwanta ba. Har yanzu ina jin kamar an buga ƙofa, kuma akwai maganar da ta ce sai ta zo. Wayar uwarta tana nan da caji, na kife ta, jiya ta yi rawa sau biyu ban taɓa ta ba. Roƙona gare ki ɗaya ne: idan ta kira Gwaggonta ta tambayi yadda nake, kada ki ce mata lafiya lau. Ki faɗi abin da kika karanta a nan.

Ki miƙa gaisuwata ga maigida, da ɗanki Likita da iyalinsa, da jikarki takwarar Marigayiya, ki ce mata kakanta bai manta alƙawarin ƙamus ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare mana waɗanda suka yi nisa.

Ƙaninki mai biyayya,
Baban Auta